Ƙauyen Da Aka Ara Ba A Mayar Ba

Zuwa ga Edita.

 Ina roƙonka, in da hali, ka ba ni ɗan fili a cikin jaridar nan taka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wani ƙauye na ƙasar Ingila. Na lura yawancin mutanenmu da suka je ƙasar nan, in sun komo ba su da labari sai na Landan, da jirgin da ke tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, da fadar Sarki, har mai ji ya yi tsammani Ingila duk birni guda ce. Alhali kuwa da ka bar Landan da tafiyar sa'a ɗaya cikin jirgi sai gonaki da makiyaya, da ƙananan ƙauyuka waɗanda da yawansu ba su kai unguwa guda ta Zariya ba. Ni dai rabona can ya faɗa. A shekarar 2022 aka aika da ni lardin Wiltshire, wajen mil 100 yamma da Landan, in yi wata 6 ina koyon aikin ajiye takardu, na sauka a wani gari mai kasuwa wanda a ke kira Warminster. Ƙauyen da zan ba da labarinsa yana wajen mil 7 daga nan. Sunansa Imber, mutanen wurin su kan ce Imba. Tun ran 17 ga Disamba 1943 ba talakan da ya sake zama cikinsa.

Kafin in shiga labarin, bari in gaya muku abin da ya fara ba ni mamaki game da ƙauyukan ƙasar nan, gama shi ne tushen maganata. Ba ƙauyen da ba shi da takarda. A makarantar Mishan inda na yi karatu an koya mana sunayen sarakunan Ingila da yaƙe-yaƙensu, amma ba a gaya mana irin son ƙidayar da ke gare su ba. Sarki Wiliyam, wanda ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, da ya yi wajen shekara 20 bisa gado sai ya aika da manzanni ko'ina su rubuto masa ko wane gari, da mai shi, da yawan garmunan shanunsa, da abin da zai iya biya. Aka tara wannan a littafi a 1086, wuraren da ke ciki sun fi 13,000. Mutane suka yi masa laƙabi Littafin Ranar Hisabi, don abin da ya shiga cikinsa ba shi da ɗaukaka ƙara. Littafin haraji ne dai, irin wanda ko wane malamin hakimi ya sani. Masana sun duba hannun rubutun, sun ce babban kundin kusan dukansa akawu guda ne ya rubuta shi, ba kuwa wanda ya tabbata da sunansa. To, 'yan'uwa, kun ga halin aikinmu tun da can. Littafin yana nan har yau a ma'ajiyar takardun Gwamnati a Kew, cikin Landan, sunan Imber kuwa yana ciki. Tun kafin wannan ma an ambaci ƙauyen a wata takarda ta 967.

A 1538, zamanin Sarki Henri na 8, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umurni ko wane limamin majami'a ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. A 1598 aka ce a juya su bisa fata, don takarda tana ruɓewa. Daga 1801 aka fara ƙidayar mutane ko wace shekara 10, ba a fasa ba sai a 1941 saboda yaƙi. Bayan wata doka ta 1836 aka zana taswirar gonakin ƙauyuka da yawa saboda ushirin da a ke ba majami'a, ko wace gona da lambarta, da sunanta, da mai nomanta. Har shugaban makarantar ƙauye tilas ne ya ajiye littafi, ya rubuta ran da yara suka ƙi zuwa don girbi, da ran da ƙyanda ta shigo. Na lardin Wiltshire an tara su a wani babban gida a garin Chippenham wanda aka buɗe a 2007, ko wane talaka yana iya shiga ya ce a kawo masa littafin ƙauyen kakansa, a kawo masa. Na sha ganin tsofaffi sun cika ɗakin da tabarau da fensir, ba ka jin komi sai motsin takarda, can sai ka ji wata ta yi ajiyar zuciya, ta sami sunan da ta zo nema.

To, a ƙasar da a ke rubuta har ran da ƙyanda ta shiga makaranta, a nan ne aka ta da ƙauye guda bisa alkawarin da ba a rubuta ba.

Imber yana tsakiyar wani babban tudu da a ke kira Filin Salisbury, wanda girmansa ya kai wajen murabba'in mil 300. Ƙarƙashinsa duk alli ne, irin wanda malami ke rubutu da shi a babban allo. Itatuwa ɗaiɗai ne, sai gajeriyar ciyawa iyakar ganinka, iska kuwa ba ta hutawa. A filin nan ne manyan duwatsun nan na Stonehenge su ke, waɗanda mutanen da suka kafa. Alli shan ruwa gare shi, ko an kwana ana ruwa da safe ba ka ganin kududdufi bisa tudu. Saboda haka ƙauyen ya zauna cikin kwari, gidaje jere a bakin wani ɗan rafi mai gudu lokacin sanyi, ya ƙafe lokacin zafi. Arzikin mutanensa tumaki ne da alkama da sha'ir. Da rana a kai tumaki tudu su yi kiwo, da dare a kawo su gona a kewaye su da shinge mai ɗaukuwa su zuba taki, gobe a matsa da shingen gaba, kamar dai yadda manomi ke sauke Bafillace a gonarsa da rani.

Tun da ya ke ba ruwa bisa tudu, mutanen Imber suka yi suna wajen gina abin da su ke kira tafkin raɓa. A kan haƙa rami mai faɗi, mai siffar akushi, a daɓe shi da yumɓu sosai, a zuba farar ƙasa don kada tana ta huda daɓen, a shimfiɗa karan alkama, sa'an nan a rufe da tsakuwa saboda kofaton dabbobi. Raɓa dai suna ne, ruwan sama ne ke cika shi, amma in ya ginu da kyau da wuya ya ƙafe. Maginan su kan fita bayan girbi su yi ta bin ƙauyuka da aikinsu, sai sanyi ya wuce su komo gida, kamar 'yan cin rani. Famfo da injin ruwa sun kashe sana'ar nan.

Nisan ƙauyen da sauran garuruwa ya sa hanyarsa ta kasance da haɗari. Ran 21 ga Oktoba 1839 wani manomin Imber mai suna Matthew Dean yana komowa daga kasuwar Devizes bisa doki, 'yan fashi huɗu suka tare shi a wani wuri da a ke kira Gore Cross, suka ƙwace masa kuɗi. Ya yi kururuwa, aka bi sawunsu cikin dare bisa tudu, ɗaya daga cikinsu, Benjamin Colclough, ya yi ta gudu har ya faɗi matacce, sauran ukun aka kama su aka yanke musu shekara 15 a ƙetaren teku. Mutanen ƙasa suka tara kuɗi suka kafa dutse inda aka yi fashin, da wani inda ɓarawon ya faɗi, aka sassaƙa labarin duka a jiki don gargaɗi. Na farkon yana nan bakin hanyar mota, na tsaya na karanta shi. Kun gani, har ɓarawo an ajiye masa sunansa.

A ƙidayar 1851 mutanen Imber 440 ne, ba su taɓa fin haka ba. Daga wajen 1875 alkama mai araha ta yi ta shigowa daga Amurka, ulu da naman tumaki daga Ostareliya da New Zealand, noma ya faɗi, samari suka yi ta gudu zuwa birane da aikin reluwe. Kafin 1931 sun koma wajen 150. Ana cikin haka kuma ga wani babban mai saye ya matso. Tun 1897 Ofishin Yaƙi ya fara sayen ƙasa a Filin Salisbury don koyon harbin igwa da rawar daji, ya yi ta ci gaba yamma har ya iso Imber, kafin 1932 gonakin ƙauyen duk sun shiga hannunsa. Manoma sun gaji da hasara, kuɗin kuwa ba laifi, suka sayar, suka zauna haya a gonakin da su ke nomawa. Abin da bai shiga cinikin ba sai majami'a, da gidan limaminta, da makaranta, da ɗakin sujada na 'yan Baptist, da masaukin da a ke kira Bell. Leburorin gona kuwa dama ba su taɓa mallakar ɗakunansu ba, a wurinsu ba abin da ya sake sai sunan wanda a ke biya haya. Dab da yaƙi ma an gina musu waɗansu sababbin gidaje, wanda ya ga haka kuwa ba ya tsammanin tashi.

Ran 1 ga Nuwamba 1943 aka tara mutanen ƙauyen a ɗakin makaranta, aka gaya musu kwana 47 ke gare su, kowa ya kwashe nasa ya fita. Sojojin Amurka suna ta sauka Ingila suna shirin ƙetare teku su faɗa wa Jamus a Faransa, ana bukatar wurin don su koyi yaƙi. A shekarar nan ce kuma sojojinmu na Afirka ta Yamma suka shiga jirgi zuwa Indiya da Bama, ko wane gida da irin abin da yaƙin nan ya karɓa daga gare shi.

A nan ne labarin ya fita daga takarda ya shiga bakin mutane. Uwar masaukina a Warminster wata gwauruwa ce mai shekara 70 da 'yan kai, ina kiranta Iya har ta saba tana amsawa. Ita an haife ta bayan yaƙi, amma uwarta haifaffiyar Imber ce, tana budurwa aka tashe su, ta kuwa yi ta ba 'yarta labarin har ta haddace shi. In mun ci abincin dare ta kan zuba mana shayi ta ɗauko. Ta ce ba wanda ya yi gardama a ɗakin makarantar nan, gama 'ya'yan mutane suna bakin daga, abin kunya ne mutum ya yi ƙorafi a kan ɗaki. Ta ce wani jami'i ya zo da littafi ya shiga lambun bayan gidansu, ya ƙidaya kabeji da layin dankali ya rubuta. Manoma suka yi gwanjon tumakinsu a ƙurarren lokaci. Masu dangi suka raɓa wurin dangi a ƙauyukan gefen filin, tsofaffin da ba su da kowa aka kai su gidan gajiyayyu. Cikin kwanakin nan har an ɗaura wani aure a majami'ar, ƙauye duka ya hallara, kowa ya san taron ban kwana ne. Ran tashi da asuba kakar Iya ta durƙusa ta wanke daɓen ɗaki tas, ta ce kada baƙi su ce matan Imber ƙazamai ne. Kwalaben 'ya'yan itace da ta dafa da sukari don lokacin sanyi kuwa ta jera su cikin kabad ta rufe, ta ce nauyi gare su, in sun komo sa sha. Iya ta ce uwarta har ta mutu tana rantsuwa an gaya musu da baki, in yaƙi ya ƙare za su koma. Mutanen Imber da yawa sun faɗi haka, a lokatai dabam dabam, a gaban mutane dabam dabam.

Takardar da aka ba su fa? Tana nan, an buga ta cikin littattafan tarihin ƙauyen, na kuwa karanta ta da idon akawu. Ta fara da nuna baƙin ciki, ta ce tilas a fita kafin 17 ga Disamba. Ta gaya musu a fili ba su da wata hanyar shari'a ta neman diyya a kan Ofishin Yaƙi, amma don taimako za a biya kuɗin kwashe kaya, da kimar abin da ke cikin lambu. Sa'an nan ta ce wanda bai sami gida ba, za a biya masa kuɗin ajiyar kayansa har ya sami wani gida, ko kuwa har a sake buɗe Imber don zama, ko wanne ya riga. Ku duba wannan jimla ta ƙarshe. Ba ta ce za a buɗe ba, ba ta sa rana ba, ba ta ɗora wa kowa nauyi ba. Amma lebura mai 'ya'ya biyar in ya karanta ta, ko aka karanta masa, me zai ji in ba cewa za a buɗe ba? Duk wanda ya daɗe a ofis ya san irin wannan rubutu, mai sanyaya zuciyar mai karɓa, ba ya kuwa ɗaure mai sa hannu. Wanda ya tsara ta gwani ne, ban hana masa ba. Sai dai gwanintar nan ta sa mutane sun bar kayansu cikin kabad, sun ƙi kafa gindi inda suka sauka, sun yi shekaru suna duban hanya.

Wanda abin ya fara kayarwa shi ne maƙerin ƙauyen, Albert Nash, wanda ya yi fiye da shekara 40 yana ƙira a nan. Mutane sun ce an same shi kife bisa uwar maƙerarsa yana kuka. Bai yi 'yan makonni da tashi ba ya rasu, aka ɗauko gawarsa aka kawo Imber aka binne. Shi ne na farko da ya koma.

Sojoji suka ƙetare zuwa Faransa ran 6 ga Yuni 1944, yaƙin Turai ya ƙare a watan Mayu 1945, mutanen Imber suka jira a kira su, shiru. Ofishin Yaƙi ya ce har yanzu yana bukatar wurin, ga harsasai da ba su fashe ba sun cika ƙasa, ga ƙauyen a tsakiyar filin harbi. Waɗanda suka sami izni suka je dubawa suka tarar ba tagogi, ba ƙyamare, rufin ciyawa ya zube. Ran 22 ga Janairu 1961 wani kansila na garin Amesbury mai suna Austin Underwood ya yi gayya, mutum wajen 2,000 suka shiga ƙauyen da motoci da ƙafa, tsofaffin mazauna a cikinsu, aka kafa ƙungiyar neman a mayar da Imber. A shekarar nan aka zauna bincike a gaban jama'a, soja ya yi nasara. Abin da aka samu kawai shi ne a kiyaye majami'ar, a riƙa buɗe ta don sujada sau ɗaya a shekara wajen 1 ga Satumba, ranar Waliyi Giles wanda ta ke ɗauke da sunansa, hanya kuma a riƙa buɗe ta 'yan kwanaki. Ƙa'ida ta yarda har kwana 50 a shekara, amma ba a kan cika su ba.

Gani ya kori ji. A watan Agusta 2022 na je da kaina, tare da Iya. Tun 2009 waɗansu ma'aikatan sufuri suka fara wata al'ada, rana ɗaya a shekara su kawo jajayen bas ɗin nan masu bene na Landan, su yi ta jigilar mutane daga tashar jirgin Warminster zuwa Imber, da lamba 23A a goshin ko wace mota kamar hanyar kullum ce. Kuɗin da aka tara a kan ba majami'ar da ƙungiyoyin taimako. Muka hau sama. Da muka wuce ƙyauren soja sai fili ya buɗe, ba gida ba gona, sai mushen tankokin yaƙi sun yi tsatsa bisa tudu, a kansu a ke koyon harbi. Ko'ina alluna suna gargaɗi kada a sauka daga hanya, kada a taɓa ko wane ƙarfe.

Gidajen da za ka fara gani a ƙauyen yawancinsu ba na mutanen Imber ba ne. Kwanso ne na bulo da siminti, ba ƙofa ba taga, soja ya gina su bayan 1970 don koyon faɗan cikin gari saboda rikicin Ireland ta Arewa. Cikin na asali sai gidan mai gari, wanda aka toshe tagoginsa, da kangon masaukin Bell, da 'yan kaɗan. Ɗakin sujada na Baptist an rushe, sai kaburbura. Majami'a ce kaɗai ta ke tsaye da mutuncinta bisa gangare cikin shingen waya. Gininta ya fara tun ƙarni na 13, hasumiyarta tana da tsinkaye biyar, a bangon ciki kuwa akwai zane-zanen da suka dushe na ɗaruruwan shekaru. A ƙarƙashin hasumiyar na ga abin da ya fi burge ni, jerin lambobi da aka rubuta a bango a 1692, watau tsarin da masu buga ƙararrawa ke bi, wa zai ja igiya bayan wa. Tun 2005 ginin yana hannun wata hukuma mai kula da tsofaffin majami'u, a 2010 kuma aka rataya ƙararrawa 6 a madadin waɗanda aka kwashe. An jera hotunan mutanen da a ciki, yaran makaranta, da masu askin tumaki, da maƙeri a ƙofar maƙerarsa. Jikoki suna bi da yatsa suna neman nasu.

Na zo da kwafin wata tsohuwar taswira da na samo a Chippenham, Iya kuwa ta san gidan kakarta shi ne na uku daga wata 'yar gada. Muka auna daga majami'a, muka bi kwarin rafin da ido, muka sami wurin. Ciyawa ce da ƙaya, bayan allon gargaɗi, taku 30 daga inda mu ke tsaye, ba halin matsawa. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce ashe kusa ya ke da majami'a haka, uwarta ta kan ce tafiya ce mai nisa in ana sanyi. Ban ce mata komi ba. Bayanmu jama'a dubbai suna shan shayi suna ɗaukar hoton motoci, yara suna guje-guje. Da fari abin ya yi mini kama da wasa a maƙabarta, amma Iya ta ce ita ta fi son hayaniyar nan da shirun sauran kwanakin shekara, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ban ce soja ba shi da hujja ba. A 1943 ƙasar tana tsakanin rai da mutuwa, mutum 150 a gefe guda, dubban samari da za su shiga wuta a gefe guda, ko wane mai mulki zai zaɓi abin da aka zaɓa. Ƙasar kuma tasu ce, sun saya da kuɗi, 'yan haya ba su da ta cewa a shari'a. Inda na ga aibu shi ne rashin faɗin gaskiya ɗaya tak a lokacinta. Da an ce musu tun farko kada ku sa rai, ga gidaje an gina muku wuri guda ku zauna tare da maƙwabtanku, da sun yi kukansu sun share hawaye. Maimakon haka aka watsa su ɗaiɗai, aka bar su da magana mai fuska biyu, sa'an nan da suka zo neman cikawa aka ce su kawo takarda. Ba kuwa Imber kaɗai ba ne. A lardin Dorset an ta da ƙauyen Tyneham da kewayensa, mutum 225, kafin 19 ga Disamba 1943, su ma da tsammanin komowa, a 1948 Gwamnati ta saye wurin tilas. A lardin Norfolk an ta da Stanford da Tottington da West Tofts da waɗansu tun 1942. Duk har yau suna hannun soja.

Wani abin mamaki, igwa ta yi wa filin wani alheri da ba a nufa ba. Da ya ke garma da maganin feshi ba su shiga ba shekara da shekaru, ciyawar alli ta tsira da furanninta da malam-buɗe-littafi iri iri, har masana suna cewa ba makiyayar alli mai girmanta a arewa maso yammacin Turai. Tuje ma, wanda mafarauta suka ƙarar a Ingila tun wajen 1832, an sake kawo shi Filin Salisbury daga 2004, yana ƙyanƙyasa. Na yi ta leƙe daga saman bas ko na ga guda, ban dace ba.

Wanda ya zauna Imber kafin tashi yana da iznin a binne shi a can. A watan Janairu 2023, bayan na komo gida, jaridun Ingila suka ba da labarin jana'izar wani tsoho mai shekara 87, wanda ya bar ƙauyen tun yana jariri bayan rasuwar ubansa, ya kuwa bar wasiyya a kai shi kusa da uban. Sai da aka nemi izni wurin Ma'aikatar Tsaro. Soja suka buɗe ƙyaure, suka raka masu makoki har majami'a, aka yi addu'a aka binne shi, sa'an nan suka rako su waje aka rufe.

 Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Zariya.